Muna Bayanki, Malama

Ofishin Mataimakiyar Shugaba ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda. Tebur ɗaya, kujera biyu, sai kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an doke shi da gwiwa. Amma duk makarantar babu ɗakin da ya kai shi yawan baƙi. Malamai suna kiransa asibiti, domin kowa da ciwonsa yake shigowa, ya zauna a kujerar nan mai gajeriyar ƙafa, ya amayar da abin da ke cikinsa, ya tashi sakayau ya bar Mataimakiya da ciwon kai.

Shekararta goma sha tara tana koyarwa, huɗu daga ciki a wannan muƙamin, amma ba ta taɓa ganin zango irin wannan ba. Ciwon kowa ɗaya ne: sabon jadawalin darussa. Da can malamai huɗu ne ke zama da fensir da abin gogewa su tsara shi, ana yi ana faɗa, har ya fito daidai. Bana Shugaba ya je wani taron ƙara wa juna sani, ya dawo da kwamfuta a hammata, ya ce zamanin fensir ya wuce. Shi kaɗai ya zauna lokacin hutu ya tsara abinsa, ya buga shi kowane darasi da kalarsa, aka manna a allon sanarwa cikin leda don kada ruwa ya taɓa. Kyau kam ya yi kyau. Aiki ne dai ba ya yi.

Malamar Kimiyya tana da darasi bakwai a jere ranar Alhamis, ko ruwa ba ta samun kurɓa. Baba Tarihi, dattijon da ya koyar da rabin malaman makarantar tun suna da majina a hanci, an saka masa darasi a lokacin da yara ke fita cin abinci. Mafi muni shi ne na Malamin Lissafi. An rubuta shi a aji uku A da aji uku C a lokaci guda, sau huɗu a mako. Shi kuwa mutum ɗaya Allah ya yi shi. Da ya duba ya ga aji uku A yana kallon ƙofar ofishin Shugaba, aji uku C kuma yana can ƙurya bayan tankin ruwa, sai ya zaɓi A. 'Yan C ya riƙa aika musu da takarda, monitar aji ta kwafa musu a allo.

A mako na biyar ya shigo asibiti ya zube a kujera.

"Malama, wallahi abin nan ya ishe ni. Yara arba'in da shida, bana za su rubuta jarrabawar fita, kuma tun da aka dawo hutu ban koya musu abin kirki ba. Haƙƙinsu nake tsoro."

"Ka gaya wa Shugaba?"

Ya waiga ya dubi ƙofa kamar ta ambaci sunan wani aljani.

"Ni? Haba Malama."

"Ga ƙofarsa can a buɗe. Har dutse ya sa ya tokare ta."

"Ai shi ya sa. Kana shiga kowa yana ganinka."

Shugaba ba mugun mutum ba ne, wannan ne ma abin da ke ƙara ba ta haushi. Da mugu ne, da ta san inda za ta ajiye laifin. Bai taɓa yi wa malami tsawa ba, bai taɓa sa an yi wa wani canjin wurin aiki ba. Yana gaida masu shara, ya san sunayen 'ya'yan kowa. Kowane taro da kalma ɗaya yake buɗe shi: "Ƙofata a buɗe take, nan gida ɗaya muke." Kuma har zuciyarsa yake faɗa. Sai dai tsohon malamin Turanci ne, Allah ya hore masa baki. Idan ka yi masa tambayar minti ɗaya, zai ba ka amsar minti arba'in, ya faro tun daga ranar da ya fara koyarwa a wata makaranta mai aji biyu. Sannan idan ya gama, ya dube ka da fara'a ya ce, "Tun da kai ka hango matsalar, kai ya fi dacewa ka jagoranci kwamitin."

Haka ta faru da Malamin Labarin Ƙasa shekara uku da suka wuce. Ya ɗaga hannu ya ce banɗakin yara maza yana wari har cikin ajinsa. Tun daga ranar shi ne shugaban kwamitin banɗaki. Shi ke riƙe da makullai, shi ake nema idan famfo ya fashe, shi iyaye ke tarewa a bakin ƙofa. Sunansa ma ya ɓace, kowa Ciyaman yake ce masa, har yaran. Tun daga kansa hannun kowa ya yi nauyi.

Washegari Mataimakiya ta ɗauki fayil ta shiga ofishin Shugaba. Suka gaisa, ya tambayi maigidanta da ƙafar mahaifiyarta, ta ce da sauƙi. Sannan ta ce, "Yallaɓai, game da jadawalin nan, akwai 'yan gyare-gyare da nake ganin za a duba."

"Ai kowane sabon abu sai da 'yan gyare-gyare," in ji shi, ya juyo mata da fuskar kwamfutar. "Duba nan. Kin ga ja? Lissafi ke nan. Kowane aji ya samu huɗu. Na'ura ba ta ƙarya, Malama. Kuma kin ga mako biyar ke nan, ko mutum ɗaya bai shigo ya ce mini ga matsala ba. Ga ƙofa a buɗe."

Daga nan ya shiga labarin yadda malamai suka ƙi biro lokacin da aka daina alƙalamin tawada. Tana zaune tana kallon agogon bango har aka kaɗa ƙararrawa. Da za ta fita ya ce ta kawo maganar taron Laraba, kowa ya faɗi ra'ayinsa a fili.

Kafin Laraba labari ya zagaya. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa leƙowa asibiti. Malamar Kimiyya ta dafa ƙirji ta ce, "Ke dai ki fara, ni zan ɗora." Ciyaman ya ce shi ya riga ya mutu, ba abin da zai ƙara kashe shi, zai yi magana. Malamin Lissafi ya ce idan bai tashi ya faɗi gaskiya ba a canza masa suna. Kowa da zai fita sai ya juyo ya ce, "Muna bayanki, Malama."

Ranar Laraba bayan an tashi yara, malamai ashirin da bakwai suka taru a ɗakin malamai. Fanka ɗaya ce ke aiki, tana juyawa tana ƙara kamar ana yi mata dole. Shugaba ya ce ƙofarsa a buɗe take, ya yi minti ashirin a kan zuwa aiki da wuri, sannan ya ce Mataimakiya tana da magana.

Ta miƙe. Ta faɗi na Malamar Kimiyya, ta faɗi na Baba Tarihi, ta ce a ganinta aji uku C ba sa samun lissafi yadda ya kamata, saboda malaminsu yana wani ajin a lokacin. Ta ce wannan ba ra'ayinta ba ne ita kaɗai, malamai da yawa sun kawo mata kuka. Ta zauna tana jiran wanda zai ɗora.

Fanka ta ci gaba da ƙara.

Malamar Kimiyya ta buɗe jakarta ta duƙufa neman wani abu da bai ɓata ba. Ciyaman ya ƙura wa silin ido, sai ka ce yau ya fara ganinsa. Wata sabuwar malama tana zana fure a bayan littafinta. Baba Tarihi ya lumshe ido.

"To, jama'a," in ji Shugaba. "Ga magana an kawo. Malamar Kimiyya, Alhamis ta yi miki nauyi?"

"A'a, ranka ya daɗe, ai aikinmu ne. Muna iyawa."

"Madalla. Malamin Lissafi, kana shiga aji uku C?"

Mataimakiya ta juya ta kafe shi da ido. Ya gyara wuyan rigarsa, ya yi gyaran murya.

"Ana taɓawa, ranka ya daɗe."

"Ana taɓawa," Shugaba ya maimaita, ya yi murmushi. "Kin ji ko, Malama? Wataƙila an ɗan zuzuta miki ne. Amma kin ankarar da ni wani abu mai muhimmanci. Me ya sa malamai ke kai kuka wani wuri alhali ga ƙofata? Wannan abin bincike ne. Tun da ke kika hango shi, ke za ki jagoranci kwamitin gano dalilin da ya sa malamai ba sa magana. Ki zaɓi mutum uku."

Duk ɗakin aka sunkuyar da kai, kada ta zaɓe su.

Ba wannan ne ya fi ƙona mata rai ba. Tana komawa ofis, ko jaka ba ta ajiye ba, sai ga su sun biyo ta. Malamar Kimiyya ce a gaba.

"Kai, Malama, Allah ya saka miki da alheri! Kin faɗi abin da ke ranmu tsaf."

"Wallahi kin burge ni," in ji Ciyaman. "Saura ƙiris in miƙe."

Malamin Lissafi ya tsaya daga baya yana murza hannu. "Kin ga yadda ya jefo mini tambayar ne ba shiri. Amma ai kin ji na ce ana taɓawa, ban ce ana yi ba. Mai hankali ya gane."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Kalmomi suka zo mata baki, irin waɗanda ba a faɗa wa abokan aiki. Ta doki kabad da gwiwa har sai da fayiloli suka zube a ciki, ta ce, "Ku fita zan kulle."

Ba ta wuce gida kai tsaye ba, ta biya ta gidan yayarta. Yaya ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin da shida a ɗakin haihuwa, ba ta iya zagaye-zagayen magana ba. Ta same ta a tsakar gida ta tsoma ƙafafu a robar ruwan ɗumi, tana tsefe wa jikarta kai. Mataimakiya ta zauna a bakin baranda ta kwashe labari tas ta ba ta, har da kwaikwayon muryar mai cewa ana taɓawa.

"Mutum ashirin da bakwai, Yaya! Manya da gemu, iyayen 'ya'ya. A ofishina kowa zaki ne, a gaban mutumin nan kuwa ko tari ba sa iya yi. Su tura ni gaba su koma bayana su ɓuya. Yanzu ga ni shugabar kwamitin kurame."

Yaya ta yi dariya har ruwan robar ya fantsalo. Sannan ta ce, "To ke da kika shiga wurinsa ke kaɗai, me kika ce masa?"

"Na gaya masa mana."

"Me kika ce? Faɗa mini yadda ya fito daga bakinki."

"Na ce akwai 'yan gyare-gyare."

"'Yan gyare-gyare." Yaya ta ajiye matsefi. "A taron fa?"

"Na ce a ganina ba sa samu yadda ya kamata."

"A ganinki. Yadda ya kamata. Ke Auta, in mace tana zubar da jini a gabana na je na ce wa likita a ganina akwai 'yan gyare-gyare a gado na huɗu, me kike tsammani zai yi? Shayinsa zai ƙarasa. Sau nawa malamin ya shiga ajin?"

"Sau biyu."

"A mako biyar. To me ya hana ki ce sau biyu? Ke ma ai taɓawa kika yi."

"Haba Yaya, ni da na miƙe a gaban kowa?"

"Kin miƙe, ban ce ba ki miƙe ba. Kuma wannan asibitin naki, ke kika buɗe shi. Su zo su juye miki, su ji sanyi, su tafi. Ina dalilin da zai sa su je wurinsa bayan kin riga kin shanye musu zafin? Riƙe mini kan yarinyar nan, ta ƙi tsayawa."

Mataimakiya ta riƙe kan yarinyar tana huci. Haushin malamai daban, na Shugaba daban, ga kuma na Yaya wanda ya fi duka ciwo, don ta rasa ta inda za ta musa. Da ta isa gida maigidanta ya tambaye ta yaya makaranta, ta ce, "Ana taɓawa," ta shige ɗaki. Ya bi ta da kallo bai gane komai ba.

Ranar Litinin ta kulle ofishinta ta zuba makullin a jaka. Duk wanda ya tare ta a baranda ya fara, "Malama, dama ina son ganinki," sai ta nuna masa ƙofar da aka tokare da dutse ta wuce. Ƙarfe goma da minti goma, lokacin da jadawali ya ce aji uku A da aji uku C duk suna lissafi, ta tsaya a bakin ofishin Shugaba.

"Yallaɓai, ina so ka raka ni wani wuri. Minti biyar."

"Shigo mana, Malama, zauna. Dama ina tunanin kwamitin nan naki..."

"Ba zama zan yi ba, Yallaɓai. Tasowa za ka yi."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya taso.

Suka tsaya a tagar aji uku A. Ga Malamin Lissafi yana ta fama da allo, ya yi fari da alli har gira. Da ya hango su ya ƙara ɗaga murya. Shugaba ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. Ta ce, "Mu ƙarasa." Suka bi ta bayan ɗakin gwaje-gwaje, suka tsallake kwatar da ke malalowa daga tankin ruwa, Shugaba yana tattare ƙafar wandonsa. Tun daga nesa ake jin hayaniyar aji uku C. Suna shiga aka yi tsit, yara suka miƙe a rikice. Wasu maza uku a baya suka tura wani abu ƙarƙashin benci. A gaban allo wata siririyar yarinya ce tsaye da takarda a hannu, ta kwafi tambaya uku, tana kan ta huɗu.

"Ina malaminku?" in ji Shugaba.

Yaran suka dubi juna. Mataimakiya ta ce a ranta, shi ke nan, su ma sun koya. Amma monitar ta ce, "Yana A, Yallaɓai. Kullum yana A. Tun da aka dawo hutu sau biyu ya shigo mana."

"Sau biyu a makon nan?"

"A zangon nan."

Shugaba ya karɓi littafin wata yarinya a layin gaba ya buɗe. Tambayoyi ne shafi bayan shafi, an kwafe su da kyakkyawan rubutu, ƙarƙashin kowace an bar fili. Babu amsa ko ɗaya, babu jan biro ko ɗigo. Ya karɓi na biyu, ya karɓi na uku. Monitar ta miƙo masa alli ta ce, "Yallaɓai, ko za ka yi mana ta ɗayan? Tun wancan makon muke kanta." Ya dubi allon, ya dubi allin. Rabonsa da irin wannan lissafin shekara talatin da wani abu. Ya ce su zauna, ya juya ya fita. Har suka dawo baranda bai ce uffan ba, abin da Mataimakiya ba ta taɓa gani ba tun zuwansa makarantar.

A ranar ya kira taron gaggawa. Magana ta dawo masa da ƙarfinta. Ya yi minti ashirin da biyar yana tambayar me ya yi musu. Ya taɓa zagin wani? Ya taɓa korar wani daga ofis? Shi da ya cire labulen ƙofarsa don kowa ya gan shi? Mako shida yara suna zaune kamar marasa gata, mutum ashirin da bakwai sun sani, shi kaɗai aka bari a duhu kamar baƙo. Ya ƙare da cewa, "Ina so wani ya gaya mini dalili. Yanzu."

Malamar Kimiyya ta kai hannu ga jakarta.

"Malama, in kika buɗe jakar nan wallahi sai na jefa ta ta taga," in ji Mataimakiya. Ba ta san ma ta faɗa da ƙarfi ba sai da ta ga kowa ya zuba mata ido. Tun da abin ya riga ya fito, sai ta miƙe. "Yallaɓai, ni zan fara da kaina. Na zo ofishinka na ce maka 'yan gyare-gyare. Ƙarya na yi. Jadawalin nan ba ya aiki, daga sama har ƙasa, kuma tun makon farko na sani. Na ji nauyin faɗa maka saboda na ga yadda kake ji da shi. Wannan nawa laifin ke nan. Sauran kuma ga su nan, kowa da bakinsa. Daga yau ba na ɗaukar saƙon kowa."

Ta zauna. Kujeru suka fara motsi. Can sai Baba Tarihi ya buɗe ido, ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali.

"Ni wata huɗu ya rage mini in yi ritaya, babu kwamitin da zai kama ni, bari in faɗa. Shugaba, kai mutumin kirki ne, kuma na girme ka, ka yi haƙuri da abin da za ka ji. Ƙofarka a buɗe take, gaskiya ne. Amma wanda ya shiga da magana ɗaya, da naka arba'in yake fitowa, tasa kuma ko zama ba ta samu ta yi ba. Na biyu, duk wanda ya nuna maka rami, shi kake miƙa wa shebur. Mutum yana da darasi ashirin da takwas a mako, ga iyali, ya san idan ya buɗe baki zai koma gida da sabon aiki. To ina dalili? Ga Ciyaman nan, tambaye shi."

Ciyaman ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya zaro tarin makullai daga aljihu ya ajiye a tebur, suka yi ƙara.

"Shekara uku, ranka ya daɗe. Cewa kawai na yi ana wari. Ina da digiri na biyu, amma ko matata idan famfon gida ya lalace cewa take a kira Ciyaman."

Aka fashe da dariya, irin wadda ta daɗe a maƙale. Shugaba bai yi ba. Ya dubi makullan ya ce a hankali, "Ni na ɗauka girmama ku nake yi."

"Mun sani," in ji Baba Tarihi. "Shi ya sa abin ya yi wuyar faɗa."

Ba a tashi taron nan da daɗi ba. Shugaba ya kwana biyu yana gaida mutane a taƙaice, ita kuwa Mataimakiya sai da aka yi mako guda kafin ya sake tambayar ƙafar mahaifiyarta. Amma an cire jadawalin daga ledarsa. Malamai huɗu suka zauna da fensir, suka yi faɗansu na kwana biyu, suka fito da mai aiki. Makullan banɗaki suka koma hannun mai kula da gine-gine, inda ya kamata su kasance tun farko. Kwamitin Mataimakiya ya mutu ba tare da ya taɓa zama ba.

Mako shidan da aka ɓata kuwa ba su dawo ba. Malamin Lissafi ya riƙa tsayawa da 'yan C awa ɗaya bayan an tashi, yana ta sauri kamar ana bin sa, amma a jarrabawar ƙarshen zango goma sha ɗaya ne kawai suka ci a cikin arba'in da shida. Mahaifin monitar, wani tela mai kaifin harshe, ya zo da takardar sakamakon 'yarsa a hannu yana neman wanda zai yi wa bayani. Mataimakiya ta miƙe za ta tare shi kamar yadda ta saba, Shugaba ya ce ta bari. Shi ya fito baranda ya tsaya, ya ce wa mutumin laifin makaranta ne, kuma nasa ya fi yawa. Telan ya wanke shi tas na minti goma, yana tsaye yana saurare.

A zango na gaba aka sauya tsarin taro. Baba Tarihi ne ya kawo shawarar kafin ya tafi: rabin awar farko ta malamai ce, Shugaba ba zai ce komai ba sai rubutu. Ranar farko aka yi minti tara ana kallon juna, Shugaba yana ta buɗe baki yana rufewa kamar mai shaƙuwa. Daga nan sabuwar malamar nan ta ɗaga hannu ta ce allin da ake sayowa ba ya kama allo. Ba a naɗa ta komai ba. Da aka ga ta zauna lafiya, sai hannu uku suka tashi lokaci guda.

Zuwa taro na huɗu abin ya zama wani abu dabam. Malamar Kimiyya, wadda a da ba a jin muryarta, ta zo da takarda shafi biyu. Malamin motsa jiki yana so a san wanda ke ajiye babur a inuwar da ya saba ajiye nasa. Malamai biyu suka yi minti ashirin suna musu a kan wanda ya ƙona butar dafa shayi ta ɗakin malamai, har ɗaya ya ce a kawo shaidu. A tsakiyar wannan hargitsin ne wata malama ta ce akwai yarinya a ajinta da ta daina gani daga benci na uku, kuma tana jin kunyar faɗa, aka tsayar da ranar kiran iyayenta. Sai aka koma kan buta.

Ƙarfe huɗu ta wuce, Mataimakiya tana rubuta bayanin taro har yatsunta sun ƙage, cikinta yana kukan yunwa. Shugaba ya karkato ya yi mata raɗa.

"Malama, rabin awar nan ba ta cika ba?"

"Ta cika tun ɗazu, Yallaɓai. Awa biyu ke nan."

"To ki tsayar da su mana."

"Ni? Ai taronka ne."

Ta juya sabon shafi, ta rubuta batu na goma sha bakwai, ta ɗaga kai ta ce wa mai maganar buta ya maimaita, ba ta ji ƙarshen ba.